Zuwa ga shugabannin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: in za a koyar da sama, a haɗa da teku

Ranku ya daɗe, Shugaban Jami'a, tare da shehunan malamai na tsangayar kimiyya da fasaha da ta noma da muhalli,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalai da ɗalibai. Ni malamin fizik ne a wata lise a nan cikin garin Maraɗi, kuma yaran da muke sallama da bak, da yawansu hannunku suke faɗawa. Shi ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto muku a fili maimakon in kai takarda biro, don ina son iyayen yaran su ma su ji.

Tun watan Satumba na 2024, lokacin da ƙasashen ƙawancen AES uku, wato Mali da Burkina Faso da Nijar, suka sa hannu a Bamako kan yarjejeniya da hukumar sararin samaniyar Rasha, Roscosmos, don samun taurarin ɗan'adam na sadarwa da na sa ido, maganar sama ta shiga bakin matasa. A fada ana shan shayi ana yinta, a aji ma ba ka gama darasi ba tare da wani ya ɗaga hannu a kanta ba. Ban zo in rage wa wannan buri daraja ba. Ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.2, galibinta hamada, tana bukatar ido daga sama. Roƙona shi ne, duk shirin da za ku yi na horar da yaranmu kan ilimin sama, ku ba ilimin teku kujera kusa da shi, har zuwa zurfinsa. Na san amsar da ke bakin mutane: Nijar ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, yawancin ɗalibanku tabkin Madarumfa ne babban ruwan da suka taɓa gani. Ku yi haƙuri ku saurare ni, zan fara da tambayar da yara suka fi so: tsakanin hawa sama da nutsewa ƙasan teku, wanne ya fi wuya, wanne kuma ya fi cin kuɗi?

In nisa za a duba, duka biyun a bakin ƙofa suke. Inda masana suka shata farkon sararin samaniya kilomita 100 ne daga ƙasa, bai kai tafiyar Maraɗi zuwa Tasawa ba. Wuri mafi zurfi da aka sani a teku, ramin Challenger na kwazazzabon Mariana a tekun Fasifik, bai cika kilomita 11 ba, kamar mutum ya tashi daga nan ya je Tibiri.

Wahalar sama gudu ce. Abin da aka harba, in ana so ya zauna yana kewaya duniya kada ya faɗo, sai ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Samun wannan gudun sai an ƙona mai mai yawa, man yana da nauyi, nauyin kuma yana bukatar wani man da zai ɗaga shi. Haka roka ke ta kumbura har kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta ya zama mai. Saturn V da ta kai Amurkawa wata, tsawonta mita 110 ne, nauyinta kusan tan 3,000, amma abin da ya dawo gida ɗan ƙoƙon da mutum uku ke ciki ne kawai, wanda bai kai tan 6 ba. Shi ma sai da ya ratsa iskar duniya da gudun kusan kilomita 40,000 a awa, gindinsa yana cin wuta. Sauran duk an yar a hanya. Kuɗin sama a nan suke ƙonewa.

Sai dai in an isa, sama tana da sassauci ta wasu fuskoki. Bambancin matsi tsakanin cikin kumbo da wajensa bai wuce matsin iskar da ke kanmu yanzu ba. Shi ya sa bangon ƙaramin kumbon da ya sauka a wata, a wasu wuraren kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Rana tana ba da lantarki kyauta, ido yana ganin nesa, saƙon rediyo yana tafiya ba mai tare shi. Voyager 1 da aka harba a 1977 ya yi nisan da ya haura kilomita miliyar 24, saƙonsa na kwana kusan guda a hanya, amma yana isowa.

Teku kuwa zuwa ba wuya. Ɗaura wa abu nauyi ka sake shi, zai kai ƙasa da kansa. Isa da rai, da ganin abin da ke can, da dawowa, su ne aikin. Duk shekara in mun zo babin matsin ruwa, nakan sa a kawo gorar roba ta lita ɗaya da rabi, in huda ta da ƙusa mai zafi a wuri uku, sama da tsakiya da gindi, yaro biyu su toshe da yatsu a cika ta. In suka saki, hudar sama ɗiga kawai take yi tana bin jikin gorar, ta gindi kuwa tsartuwa take yi har ta jiƙa takalmin 'yan layin gaba, aji ya ɗau ihu. Ruwan da tsayinsa bai wuce santimita 30 ba ke nan. Daga nan sai in ce su ɗau alƙalami: kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsin iska guda cur. A ƙasan Mariana matsin ya ninka na nan fiye da sau 1,000, wato sama da tan ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Ihun nan take yake ɗaukewa.

Saboda wannan matsin ne Jacques Piccard da Don Walsh, mutum biyu na farko da suka kai can ranar 23 ga Janairu 1960, suka dunƙule cikin wani ƙwallon ƙarfe mai kaurin bango kusan santimita 13. Jirginsu, Trieste, tulin fetur ne na lita 85,000 a sama don ya ba su damar tasowa, da tan 9 na ƙwayoyin ƙarfe da za su zubar in sun tashi dawowa. Sun yi kusan awa biyar suna sauka. A hanya wata tagar waje ta tsage da ƙarar da ta girgiza jirgin, suka ci gaba. Da suka sauka, laka ta tashi ta rufe musu gani, suka yi kimanin minti 20 suka juyo ba tare da hoto ko ɗaya ba.

Matsi ma ba shi kaɗai ba ne. Ƙasa da mita 200 hasken rana ya kusa ƙarewa, ƙasa da 1,000 duhu ne ƙirin, babu maganar faifan sola, sai batir. Saƙon rediyo 'yan mitoci yake yi cikin ruwan gishiri ya mutu, don haka GPS ba ya aiki. Da sauti ake magana, shi kuma mita 1,500 yake ci a daƙiƙa, kuma ɗan abu kaɗan yake iya ɗauka. Na'urar da ke kan Mars tana aiko hoto mai launi, amma mutumin da ke kilomita 11 a ƙarƙashin jirgin da ya kawo shi da kyar ake jin muryarsa. Kuskure kuma ba ya ba da lokacin gyara. A watan Yuni na 2023 jirgin Titan ya murƙushe da mutum biyar a hanyar zuwa tarkacen Titanic, zurfin da bai wuce mita 3,800 ba. A 2014 na'urar Nereus mai sarrafa kanta, wadda ta taɓa kaiwa ƙasan Mariana lafiya, ta tarwatse a kwazazzabon Kermadec, sai gutsattsarinta aka tsinta a saman ruwa. Sama ma ta ci nata: mutum bakwai a kumbon Challenger a 1986, wasu bakwai a Columbia a 2003.

Yanzu kuɗi, inda bambancin yake fitowa fili. Shirin Apollo da ya kai Amurkawa wata ya ci kimanin dalar Amurka miliyar 25 na wancan zamanin, abin da a yau ya haura miliyar 250. Trieste kuwa, sojojin ruwan Amurka sun saye shi a 1958 kan dala 250,000. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta lashe sama da miliyar 100. Madubin hangen nesa na James Webb da aka harba a Disamba 2021, miliyar 10. Kasafin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, na shekara guda yana kusan miliyar 25, ya ninka kasafin ƙasarmu baki ɗaya fiye da sau huɗu, alhali ofishin binciken teku na NOAA, hukumar teku da yanayi ta ƙasar, bai samun ko miliyan 100. Gaskiya ne wannan gwajin yana da gurgunta, don sojojin ruwa da kamfanonin mai suna zuba kuɗi masu yawa a teku, sai dai abin da suka gano a aljihunsu yake zama. Kuma ba kowace tafiya sama ce ke da tsadar Amurkawa ba: Indiya ta kai na'ura Mars a 2014 da kimanin dala miliyan 74.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972. Ƙasan Mariana kuwa, bayan Piccard da Walsh, sai da aka yi shekara 52 kafin wani ya koma, James Cameron, shi kaɗai, a Maris 2012. Sai a 2019 wani attajiri Ba'amurke, Victor Vescovo, ya je can da jirgin titaniyam da ya sa aka ƙera masa, wanda ke iya zuwa ya dawo ya sake komawa, shi da babban jirgin da ke ɗaukarsa duka kan kimanin dala miliyan 50. Cikin 'yan shekaru waɗanda suka je suka haura 20. Har da Kathy Sullivan a 2020, matar da a 1984 ta fita yawo wajen kumbo. A shekarar ce kuma Sin ta kai nata jirgin, Fendouzhe, mita 10,909. Abin da attajiri ɗaya ya iya daga aljihunsa, me ya hana gwamnatoci rabin ƙarni? Ba iyawa aka rasa ba. Wata kowa na ganinsa da ido, tutar da aka kafa a kansa tana da riba a gasar Amurka da Tarayyar Sobiyet. Ramin da ba mai gani ba ya kawo tafi.

Hukuncina, in an tambaye ni, kai mutum wata a dawo da shi ya fi wuya kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya ce muku daidai suke, daɗin baki ne. Amma sanin ƙasan teku ya fi jinkiri, don ba shi da gajeriyar hanya. Kumbon Magellan shi kaɗai ya zana taswirar kashi 98 cikin 100 na duniyar Zahra a farkon shekarun 1990, saboda radar tana ratsa gajimare. Ba ta ratsa ruwa. Ƙasan teku sai jirgi ya bi shi layi-layi yana aika sauti yana jiran amsa, da gudun da bai fi na keke ba, kowace rana tana cin dubban daloli masu yawa. Shirin Seabed 2030 na zana taswirar ƙasan teku, da aka fara a 2017, ya tarar da kashi 6 cikin 100 kawai aka auna da kyau. Zuwa 2024 an kai kusan kashi 26. An ƙiyasta kammala aikin duka zai ci kimanin dala miliyar 3, kusan kuɗin motar Perseverance guda ɗaya da ke yawo a Mars. Jirgin saman Malesiya MH370 ya ɓace da mutum 239 a Maris 2014, aka share kusan shekara uku ana tankaɗe murabba'in kilomita 120,000 na ƙasan tekun Indiya, aka tashi ba a same shi ba. Sai da aka fara zana taswirar wurin tukuna kafin a iya neman, don ba wanda ya san duwatsu da kwaruruwan da ke can.

To ina ruwan Maraɗi? Ruwanta kuwa, a zahiri, daga can yake zuwa. Malaman tsangayar noma sun fi ni sani. Damina iska ce mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ta mashigin Gini, zafin Sahara yana jawo ta arewa. Wajen watan Mayu da Yuni ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasa a tsakiyar mashigin, bambancin zafi tsakanin teku da tudu ya ƙaru, sai damina ta yi tsalle daga gaɓa ta shigo mana wajen ƙarshen Yuni. Shekarar da ruwan mashigin ya yi ɗumi fiye da kima, hadari yakan yi zamansa a kudu. El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik, yakan rage mana, ɗumin Bahar Rum yakan ƙara mana. An daɗe ana ɗora wa manomi da makiyayi laifin farin 1973 da na 1984, shekarar El-Buhari da dattawanmu ba su manta ba, wai su suka sare itace suka kori ruwa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa canjin zafin tekuna shi ne babban abin da ya juya daminar Sahel a waɗannan shekarun. Ambaliyar 2024 da ta rusa gidaje ta ci rayuka a jiharmu ita ma ba daga rijiya ta fito ba.

Za ku ce wannan saman teku ne, ba zurfinsa ba. Haka ne, amma sama da ƙasan a haɗe suke. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ke tarawa teku ne ke shanye shi. Akwai kuma wata babbar kewayawa a Atlantika, ruwan ɗumi ya tafi arewa ta sama, ya yi sanyi ya nutse ya dawo ta ƙasa, kuma bincike da dama sun nuna in ta yi rauni sosai, layin damina zai ja kudu. Kudu da mu ke nan. Wanda zai faɗa wa jikokinmu ko gero zai ci gaba da nuna a Dakoro da Mayahi, sai ya san abin da ke gudana kilomita uku a ƙarƙashin ruwa.

Abu na biyu kowa ya ji shi a wayarsa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a ƙasan teku daura da Kodebuwa. Najeriya da Gana da Benin da maƙwabtansu suka shiga duhu, 'yan kasuwarmu masu hulɗa da Kano da Kwatano suka yi ta duban waya. Gyaran ya ɗau makonni, don sai an jira jirgi na musamman ya zo ya lalubo igiya a zurfin kilomitoci. Kusan duk saƙon da ke tsallaka nahiyoyi ta irin waɗannan igiyoyin yake bi, tauraro ɗan kaɗan yake ɗauka.

Na uku shi ne wanda na fi jin tsoron mu yi barci a kansa. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa, da ma'adinan da ke cikinsa, gadon 'yan Adam ne baki ɗaya, masu gaɓa da marasa gaɓa. Nijar ta amince da dokar a 2013, don haka tana da kujera a hukumar da ke kula da wannan gado a Kingston ta Jamaika. Hukumar ta riga ta ba da kwangilar bincike kusan 30, mafi yawa a yankin Clarion-Clipperton tsakanin Hawai da Meziko, inda dunƙule-dunƙulen manganis da nikel da kobalt ke zube a zurfin mita 4,000 zuwa 6,000. Ana can ana ja-in-ja kan ko a fara haƙa, da ɓarnar da za a yi wa halittun da ba a ma gama sanin su ba, da yadda za a raba riba. Mu da aka fara kwasar yuraniyom a Arlit tun 1971 ba sai an yi mana bayanin abin da ke faruwa da mai dukiyar da bai san lissafinta ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, amma wanda zai je sai ya san abin da ake faɗa.

Ba jirgin ruwa nake roƙon ku saya ba, ba kuma sabon gini ba. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, kowace tana nutsewa mita 2,000 ta taso duk kwana goma, ta aika zafi da gishirin da ta auna ta tauraron ɗan'adam. Ku duba, a nan sama da teku ba kishiyoyi ba ne, ɗaya ke ɗauke wa ɗaya saƙo. Akwai kuma tasoshin awon teku na PIRATA da Brazil da Faransa da Amurka suka kafa a tsakiyar Atlantika tun 1997. Bayanan duka kyauta ne ga duk mai kwamfuta da intanet. Ɗalibin lisans ko masta a nan Maraɗi zai iya sauko da su, ya jera su kusa da rajistar ruwan sama ta tashar awon yanayi ta garin nan, ya rubuta kundinsa kan alaƙar zafin mashigin Gini da ranar da shuka ke kamawa a Gidan Rumji. Abin da yake bukata malami ne da zai nuna masa hanya, da darasi ɗaya ko biyu kan hulɗar teku da iska a cikin manhajar da yake bi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abokan aikin ma ba nesa suke ba. Cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai suke, kuma hasashen damina da suke fitarwa kowace shekara kan zafin teku ya dogara. Jami'ar Abomey-Calavi ta Benin tana da masta kan kimiyyar teku da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen yankin. Kamfanonin da ke da kwangila da hukumar Kingston kuma wajibi ne su horar da 'yan ƙasashe masu tasowa, har da ɗaukar su cikin jirgin bincike. Guraben ana tallata su a fili, sai dai a samu wanda zai sa ido ya tura takardun yaranmu kan lokaci. Ina roƙon ku ɗora wa malami ɗaya wannan nauyin.

Roƙona na ƙarshe na mutanen gari ne. In hasashen damina ya fito wajen Afrilu ko Mayu, ku buɗe zauren jami'a ku yi lacca da Hausa, gidajen rediyon garin nan su ɗauka kai tsaye, a gayyato shugabannin ƙungiyoyin manoma da makiyaya da 'yan kasuwar hatsi. A nuna musu taswirar zafin tekun shekarar, a faɗa musu abin da take nufi da inda hasashen ke iya kuskure, a bar su su yi tambaya. In kun sa rana, ku aiko wa makarantun lise da sanarwa da wuri don mu nemi izinin fita da yara. Ni zan zo da 'yan ajin ƙarshe nawa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Naku,
Wani malamin fizik,
Unguwar Zariya, Maraɗi.